Mabuɗin da Ke Cikin Manhaja

Yau daga Wudil shirin namu yake zuwa muku, garin kasuwar shanu ta ranar Juma'a, kuma mazaunin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001 da sunan jami'ar Kano kafin a sauya mata suna a 2022. Da ɗalibai masu koyon rubuta manhaja nake magana yau, amma duk mai waya a hannu ya matso kusa da rediyo.

Tambayar ita ce: ka rubuta manhaja, tana buƙatar mabuɗin sirri don ta yi magana da banki ko rumbun bayanai. Ka harhaɗa ta, ta koma harshen na'ura, ka raba wa jama'a. Shin mabuɗin nan ya ɓoyu?

Bari in ba ku labarin wani yaro ɗan ƙasar Norway.

Lokacin da faifan DVD ya fito, kamfanonin fim na Amurka sun kulle shi da wani tsari mai suna CSS. Duk kamfanin da zai ƙera na'urar kallo sai ya karɓi lasisi, a ba shi mabuɗinsa, ya binne shi a cikin na'urar ko manhajar. Kun ga matsalar? Faifan yana hannun mai saye, na'urar tana ɗakinsa, mabuɗin ma yana ɗakinsa. Kamar ka aika wa mutum akwati a kulle ne, ka ɗinke mabuɗin cikin rigar akwatin, ka ce kada ya laluba.

To, a 1999 aka laluba. Wani kamfani mai suna Xing ya saki manhajarsa ta kallon DVD a kwamfuta ba tare da ya kare mabuɗinsa yadda ya kamata ba. Wasu mutum uku da suka haɗu a intanet suka yi aiki tare, aka kwance manhajar, aka zaro mabuɗin. A watan Oktoba na shekarar suka saki DeCSS, 'yar ƙaramar manhaja mai buɗe faifai. Ɗaya daga cikinsu, Jon Lech Johansen, shekararsa 15. Goma sha biyar, masu sauraro! Shi kaɗai ne sunansa ya fito fili. A Janairun 2000 'yan sanda suka dira gidansu, suka kwashe kwamfutocinsa. Aka gurfanar da shi a Oslo, kotu ta wanke shi a Janairun 2003, masu ƙara suka ɗaukaka, aka sake wanke shi a Disamba. Kafin a gama shari'ar, matasa sun buga lambobin DeCSS a jikin riguna suna yawo da su. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, kamfani ɗaya ne ya yi sakaci, amma faifan duniya duka ya buɗe, kuma babu hanyar kiran miliyoyin na'urorin da aka riga aka sayar su dawo.

Ba sabuwar magana ba ce. Tun 1883 wani masani mai suna Auguste Kerckhoffs ya rubuta wa sojojin Faransa cewa tsarin sirri ya zama wanda ko ya faɗa hannun abokin gaba ba zai cutar ba, muddin mabuɗi na hannunka.

Mu dawo gida. Wa bai san GBWhatsApp ba? Ana tura shi waya zuwa waya ta Xender, a shagon caji, a tasha. Daga ina ya fito? Wasu ne suka ɗauki WhatsApp na asali, suka kwance shi, suka ƙara abin da suke so, suka sake ɗaure shi. Idan an yi wa kamfani mai wannan ƙarfi haka, ina ga manhajar da ɗalibi ya rubuta a ɗakin kwanansa?

Ga yadda abin yake a zahiri. Ɗauki fayil ɗin manhajar waya, wato APK, ka sauya masa suna ya koma zip, zai buɗe maka. Saka shi a jadx, wadda kyauta ce, sai ga rubutun manhajar ya dawo kusan yadda mai ita ya tsara. Sai ka nemi kalma. Mabuɗin sirri na kamfanin biyan kuɗi Paystack, alal misali, da haruffan sk_live yake farawa. Idan mai manhaja ya manna shi a ciki, layi ɗaya ne, ga shi ɓaro-ɓaro. Hukumar tsaro ta NSA ta Amurka ma ta saki Ghidra kyauta a 2019, mai kwance manhajojin kwamfuta. A 2022 kamfanin Symantec ya ba da rahoton gano manhajojin waya 1,859 ɗauke da mabuɗan shiga rumbunan Amazon a cikinsu.

Wani zai ce, ai na hargitsa rubutun da ProGuard. Madalla, ka ɓata wa ɓarawo lokaci, kuma yana da amfani. Amma sunaye ya sauya, mabuɗin na nan. Wani kuma ya ce na kulle mabuɗin da wani mabuɗin. To na biyun fa, ina ka ajiye shi? Dole manhajar ta buɗe shi lokacin aiki, kuma a wayar wani take aikin. A wayar wani, ina maimaitawa, ba taka ba.

Abin yana damuna ne don bayanan ba na mai manhaja ba ne. Lambar BVN ce ta dillalin shanu, lambar wayar mai sayar da fura ce. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a wuyan wanda ya tara su.

Ana yi mini alama lokaci ya ƙure, don haka a gurguje. Mabuɗin sirri ya zauna a sabarka, manhaja ta riƙa roƙon sabar ta yi mata aikin. Kowane mai amfani ya shiga da asusunsa, a ba shi tikiti mai ƙarewa da wuri. Mabuɗin da dole sai ya shiga manhaja, a rage masa iko, a sa masa iyaka. Idan kuwa ka riga ka saki manhaja da mabuɗi a ciki, kada ka tsaya gyaran sabon zubi, tsohon yana wayoyin mutane. Shiga asusunka yau ka soke mabuɗin, ka karɓi sabo.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Yanzu ga labaran duniya.