Me Ke Sa Murya Ta Fito Kamar Daga Gwangwani?

Idan muka ɗauki bidiyon muhawara da makirufo biyu, ɗaya a rigar mai magana, ɗaya na jikin waya, wani lokaci murya kan fito siririya. Ba makirufon ne ya lalace ba. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a sakan guda, don haka yakan riga isa makirufo na kusa. Da an haɗa su, sai tudun igiyar sautin wannan ya faɗa kwarin wancan, su cinye juna.

Maganinsa, mai magana ya tafa sau ɗaya kafin ya fara. A manhajar Audacity sai mu ja sautin wayar har tsinin tafin biyu ya daidaita. In lokaci ya ƙure, mu kashe na wayar kawai, na rigar ya wadatar.