Zama da Cutar Parkinson da Shirin Gobe

Daga cikin cututtukan da kan riski ɗan Adam bayan ya manyanta akwai wadda jama'armu suka fi saurin yi wa mummunar fahimta, domin idan aka ga dattijo hannunsa yana karkarwa alhali kuwa ba sanyi ake yi ba, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, muryarsa ta dushe, sai wasu su ce ai tsufa ne, wasu kuma su ce sammu ne ko shafar iska, a yi ta yawo da shi daga gidan wannan mai magani zuwa na wancan har abin hannu ya ƙare, ciwo kuwa yana nan yana ƙara kama jiki. Wannan ita ce cutar Parkinson, mazauninta ƙwaƙwalwa, kuma ko da yake har yanzu ba a sami abin da zai warkar da ita ɗungurungum ba, Allah cikin rahamarSa Ya sanar da likitoci hanyoyin sassauta ta, ta yadda mai ita zai iya shekaru masu yawa yana sana'arsa da ibadarsa cikin mutunci.

A shekarar 1817 ne wani likita mazaunin Landan, mai suna James Parkinson, ya wallafa ɗan littafi inda ya siffanta halin mutum shida, waɗanda wasu daga cikinsu a kan titi kawai ya gan su suna tafe a sunkuye. Bayan fiye da shekara hamsin kuma sai babban malamin likitocin jijiya na Faransa, Jean-Martin Charcot, ya ƙara bincike a kanta, ya laƙaba mata sunan mutumin da ya fara bayyana ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 masu fama da ita sun haura miliyan 8.5, adadin da ya ninka cikin shekara 25, kuma an keɓe ranar 11 ga Afrilu, wato ranar haihuwar Parkinson, domin wayar da kan jama'a game da ita.

Asalin abin shi ne, can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki mai duhun launi wanda ƙwayoyinsa ke samar da wani sinadari da ake kira dofamin, wanda shi ke daidaita motsin gaɓoɓi, ya sa niyyar da mutum ya ƙudura ta zama aiki ba tare da ya tsaya tunani ba. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, shi ya tabbatar da wannan a ƙarshen shekarun 1950, aka kuwa ba shi lambar yabo ta Nobel a 2000. Idan waɗannan ƙwayoyi suka soma mutuwa sannu a hankali, to, kafin alamu su fito fili galibi an riga an rasa kimanin rabinsu ko fiye. Dalilin mutuwar tasu ba guda ba ne: yawan shekaru shi ne kan gaba, domin ta fi kama waɗanda suka haura 60, maza kuma fiye da mata, gado yana da hannu ga tsiraru, bincike kuma ya danganta ta da yawan cuɗanya da wasu magungunan kashe ciyawa da ƙwari irin su farakwat, abin da ya kamata manomanmu masu feshi ba takalmi ba abin rufe hanci su yi hattara da shi. Ba a ɗaukarta ta hanyar cin abinci tare ko gaisawa ko zama ɗaki ɗaya.

Alamar da aka fi sani ita ce karkarwa, wadda kan faro daga hannu ɗaya yayin da yake ajiye bisa cinya, babban yatsa da manuni suna gogar juna kamar mai jan carbi, amma da zarar an miƙa hannun za a ɗauki wani abu sai ta lafa. Sai dai ba kowane mai cutar ke karkarwa ba, kuma ba kowace karkarwa ce wannan cuta ba. Abin da likita ya fi dubawa shi ne nawar motsi da ƙagewar jiki: mutumin da ya saba ɓalla maɓallin rigarsa cikin ƙiftawar ido sai ya daɗe yana laluben ramin, rubutunsa ya ƙanƙance har ƙarshen layi ya gagara karantawa, hannu ɗaya ya daina lilo in yana tafiya. Wani lokaci zai taso daga ɗaki lafiya lau, da ya iso bakin ƙofar zaure sai ƙafafun su kafe a ƙasa, yana so ya taka sun ƙi, jikoki suna cewa, "Baba, taho mana," shi kuwa ba gardama yake yi ba. Abin mamaki, in aka zana masa layi a ƙasa aka ce ya tsallaka, ko aka ƙirga masa ɗaya, biyu, sai ƙafar ta saku. Tun shekaru kafin wannan kuma akan sami wasu alamu ɓoyayyu, irin su rashin jin ƙanshi, da taurin bayan gida, da shure-shure ko ihu cikin barci.

Maganin da ya zama ginshiƙi shi ne lebodofa, wanda jiki ke juyawa ya zama dofamin, kuma tun da wani likita a Amurka, George Cotzias, ya nuna yadda za a riƙa ba da shi a 1967, babu wanda ya fi shi amfani. Yawanci ana haɗa shi da kabidofa domin rage tashin zuciya. Sirrinsa kiyaye lokaci, domin jinkirin sa'a guda yana iya mayar da mai tafiya da ƙafarsa ya kasa tashi daga kujera. Nama da wake da madara sukan rage masa ƙarfi ga wasu majinyata, saboda haka akan shawarci a sha shi kimanin rabin sa'a kafin cin abinci. Babban haɗari ne a yanke shi farat ɗaya, ko don kuɗi sun ƙare ko don wani ya kawo rubutu ko jiƙo. Kazalika akwai magungunan amai da na taɓin hankali, irin su metokulofiramid da haloferidol, waɗanda ke tsananta ciwon, don haka wajibi ne duk asibitin da aka je a faɗi cewa ga cutar da mutum ke da ita. 'Ya'yan karara, wannan tsiro mai ƙaiƙayi da ke dazuzzukanmu, suna ɗauke da lebodofa, har masana sun yi gwaji da su, amma tun da ba a san gwargwadon abin da ke cikin kowane cokali ba, bai dace mutum ya haɗa wa kansa ba sai da sanin likita. A ƙasashen da ke da hali, tun daga 1987 aka soma dasa siririyar wayar lantarki cikin ƙwaƙwalwa domin sassauta karkarwa. Mu kuwa a nan, likitocin jijiya kaɗan ne, sai a manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Sakkwato ko babban asibitin Yamai, sayen magani kowane wata kuma nauyi ne da ke bukatar dangi su haɗa hannu. Abin da ba a saya da kuɗi kuwa shi ne motsa jiki, wanda likitoci suka haɗu a kan fa'idarsa: tafiya kullum da faɗaɗa taku, miƙe gaɓoɓi, da ɗaga murya wajen karatu ko hira.

To, amma duk wannan ɓangaren da ido ke gani ne. Wanda ido ba ya gani, wanda kuma sau da yawa ya fi cin mai ciwon, shi ne halin da zuciya ke shiga. Kimanin mutum huɗu cikin goma na masu wannan cuta suna fama da matsananciyar damuwa da ƙuncin rai, kuma ya kamata a fahimta cewa wannan ba raunin imani ba ne, ba kuma ƙin yarda da ƙaddara ba ne, domin sinadaran da suka yi ƙaranci su ne dai ke riƙe da nishaɗi da himma, har ma ƙuncin kan riga karkarwa bayyana. Ga kuma wata jarrabawa ta daban: naman fuska yakan ƙage, murmushi ya ɓace, ƙifta ido ya ragu, sai maiɗakinsa ta zaci fushi yake yi da ita, 'ya'ya su zaci ya daina damuwa da su, alhali kuwa hankalinsa da ƙaunarsa suna nan yadda suke. Da kunya ta shigo, saboda miya tana zuba a riga ko yawu yana dalala, sai ya daina cin abinci cikin jama'a, ya janye daga majalisa, ya bar zuwa ɗaurin aure, kaɗaici kuwa ya ƙara wa ciwo ƙarfi. Maganin wannan yana hannun likita, wanda ke da magungunan ƙuncin rai masu dacewa da cutar, yana kuma hannun iyali da abokai, waɗanda ya kamata su ci gaba da neman shawararsa kan al'amuran gida, su yi haƙurin jiran amsarsa in ta yi jinkiri, su guji yin magana a kansa yana zaune sai ka ce ba ya wurin. Duniya ta shaida yadda zakaran dambe Muhammad Ali, wanda aka gano yana da cutar a 1984, ya fito gaban miliyoyin masu kallo a Atlanta a 1996 ya kunna wutar wasannin Olamfik hannunsa yana rawa, ya kuma rayu har 2016 ba tare da ya ɓoye kansa ba.

Akwai wasu al'amura biyu da iyali ke jin nauyin faɗa wa likita, alhali faɗarsu ita ce maslaha. Na farko, bayan ciwo ya daɗe wasu sukan riƙa ganin mutane ko dabbobi a ɗaki waɗanda babu su, musamman da almuru. Kafin a ce aljanu ne, a sani cewa cutar da magungunanta suna jawo haka, gyara awon magani kuma yakan rage shi. Na biyu, wani rukunin magungunan yakan sa mutumin kirki ya faɗa almubazzaranci ko caca ko yawan sha'awa ba bisa ɗabi'arsa ba, wanda galibi ke gushewa in an sauya maganin. Haka nan kada a manta da mai jinya, wadda galibi mace ce, mata ko 'ya ko suruka, da ke tashi cikin dare tana juya majinyaci. In ba a karɓe ta ba lokaci zuwa lokaci, sai gida ya wayi gari da marasa lafiya biyu.

Wata alfarma da ke cikin wannan ciwo, duk da nauyinsa, ita ce ba ya zuwa da gaggawa, yana bai wa bawa shekaru yana cikin hayyacinsa, alhali an san cewa can gaba murya tana iya raunana, haɗiya ta yi wuya, wasu kuma mantuwa ta kama su. Mai hankali sai ya ribaci wannan sarari. Mutanenmu sukan ƙi irin wannan zance, da an taɓo shi sai a ce, "Haba Malam, daina yi wa kanka fata, Allah Ya ƙara nisan kwana," amma malamai sun karantar da mu cewa riƙon sababi ba ya kore tawakkali, rubuta wasiyya kuma ba ya matso da ajali. Ya dace dattijo ya tara manyan 'ya'yansa da wani amintacce ya bayyana basussukan da ake binsa da waɗanda yake bi, da amanar mutane da ke hannunsa, da iyakokin gonaki da takardun gida, ya yi wasiyyarsa cikin sulusin da Shari'a ta yarje masa, a rubuta gaban shaidu. Ya dace ya naɗa wakili tun sa hannunsa bai sauya ba, domin banki da ofishin fansho ba su san uzuri ba in rubutu ya saɓa. Ya kuma faɗa da bakinsa a gidan wa yake so a yi jinyarsa, wa zai yi magana da likita a madadinsa, da abin da ya yarda a yi masa in haɗiya ta gagara, don kada 'ya'ya su rabu biyu a bakin gadon asibiti kowa yana cewa shi ya san abin da Baba yake so.

Gidan ma yana bukatar shiri, tun da faɗuwa na cikin abubuwan da suka fi kai masu wannan cuta asibiti: a ɗauke tabarmi masu naɗewa daga hanya, a rage tudun dokin ƙofa, a sa fitila tsakanin ɗaki da bayi, a kafa ƙarfen riƙewa, a samar da kujera ga wanda tsuguno ya yi wa wuya. Ta fuskar ibada kuwa addini ya yi sassauci, domin wanda ya kasa tsayuwa yana salla a zaune, wanda alwala ta gagare shi ana taimaka masa, wanda kuma likita ya tabbatar cewa jinkirta magani daga asuba zuwa magariba zai cutar da shi, to, ya nemi fatawar malami game da ciyarwa maimakon ya jefa kansa cikin halaka.

Saboda haka duk gidan da aka ga alamun nan, farkon haƙƙin dattijo a kan iyalinsa shi ne a kai shi ga likitan da ya san cutar, na biyu a tabbatar maganinsa ba ya yankewa, na uku kuwa, wanda aka fi sakaci da shi, a zauna a tambaye shi yadda yake so a tafiyar da al'amarinsa tun yana da ikon amsawa, sannan a riƙe abin da ya faɗa amana.