Gashin Ƙashi: Yaushe Ya Kamata A Fara Ganin Likita?

Abin da Bahaushe ke kira gashin ƙashi fanni ne na kiwon lafiya mai zaman kansa, wanda ya shigo Nijeriya ta asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas a 1945, kuma Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kansa daga 1966. Sunan da muka laƙaba masa ya ɗan rage masa daraja, domin kalmar ta samo asali ne daga "gasa", sai jama'a suka ɗauka aikin bai wuce ɗora zafi a inda ke ciwo ba. Alhali kuwa mafi yawan aikin motsa gaɓoɓi ne, da ƙarfafa tsoka, da koya wa jiki abin da ya manta.

A wasu ƙasashe, kamar Ostireliya da Ingila, tun cikin shekarun 1970 aka amince majiyyaci ya je wurin mai gashi kai tsaye ba tare da takardar likita ba. Wannan yana da hujja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon baya a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan ciwo ba a samun wata cuta takamaimai a ƙarƙashinsa. Galibi yakan lafa cikin 'yan makonni. Saboda haka ɗalibin da wuyansa ya ƙage don yawan sunkuyawa a kan littafi, ko wanda ya yi ɗan targaɗe a filin ƙwallo, ba lallai ne ya bi dogon layin likita ba.

Matsalar tana ga ragowar, wato inda ciwon ɗan aike ne kawai na wata cuta da ke ɓoye. A ƙasarmu babban misali shi ne tarin fuka. Mutane da yawa ba su san cewa ƙwayar wannan cuta takan bar huhu ta sauka a ƙashin baya ba, ta riƙa cin sa sannu a hankali har ya rufta, ya fitar da doro, ya danne laka. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya yi bayaninta tun 1779. Alamominta su ne ciwon baya mai hana barci wanda hutu ba ya rage shi, da zazzaɓin dare, da gumi, da rama. Mai irin wannan hoto yake buƙata da gwaji da maganin watanni. Tausa da murɗa ƙashin da ya riga ya rube kuwa suna iya jawo shanyewar ƙafafu. Haka kuma duk wanda ya taɓa yin ciwon daji, musamman na mama, bai kamata ya ɗauki sabon ciwon baya da wasa ba, domin cutar takan bazu zuwa ƙashi.

Akwai kuma waɗanda ba sa jiran wayewar gari. Idan ciwon baya ya zo tare da kasa yin fitsari ko kasa riƙe bayan gida, ko mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, ko raunin ƙafafu biyu, to jijiyoyin ƙarshen laka ne aka matse, kuma tiyatar gaggawa ce ke cetonsu. Karkacewar baki da nauyin harshe da mutuwar hannu farat ɗaya alamun shanyewar ɓarin jiki ne. Gashi yana da babban amfani a nan, amma daga baya. Maganin da ke narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa galibi cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi. Sha-raɓar da ta kumbura a ƙafa ɗaya, ta yi zafi, musamman ga mai jego ko wanda ya daɗe a kwance, tana iya zama gudan jini ne, wanda in an murza shi yana iya ɓallewa ya toshe huhu.

Wajibi ne a ambaci masu amosanin jini, tunda Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan larura. Ciwon kwatangwalo a wurinsu sau da yawa yana nufin jini ya daina isa kan ƙashin cinya, sai ya fara mutuwa. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi kuma, ko a wurin wa, musamman yaro, ana zargin ƙwayar cuta ce ta shige ta.

Game da faɗuwa da haɗari, likitocin birnin Ottawa na Kanada sun fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi a 1992: wanda ya gurɗe a idon sawu har ya kasa yin taku huɗu, a yi masa hoto tukuna. A ganina wannan ta shafi masu zuwa wurin maɗori fiye da kowa, domin mai gashin da ya yi karatu an koya masa gane waɗannan alamomi, kuma shi da kansa zai mayar da majiyyaci ga likita, ko ya tura shi irin asibitin ƙashi na Dala da ke Kano.