Auna Amincin Jarrabawa: Wane Lissafi Ya Dace?

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya zauna a Zangon Agege ya san fataken goro ba su wasa da ƙirge. Ƙwarya ɗari ce da safe, ɗari ce da maraice. To, haka ya kamata jarrabawa ta zama, gama da ita muke ciyar da yaro gaba ko mu sa ya maimaita aji. Masana suna auna amincinta da lamba daga 0 zuwa 1. Amma hanyoyin awon suna da yawa, tilas malami ya san wadda zai ɗauka.

Ta fari ita ce a raba tambayoyin kashi biyu, a gwada makin wannan rabi da na wancan. A 1910 Spearman da Brown na Ingila suka nuna yadda ake cikasa lissafin: in dacewar rabi da rabi ta kai 0.6, ta dukan jarrabawar 0.75 ce. Aibinta ɗaya, in ka sake rabon ta wata hanya sai lambar ta sāke.

Domin wannan, a 1937 Kuder da Richardson na Amurka suka fito da lissafin da ake kira KR-20. Shi ya dace da tambayoyin da amsarsu ko daidai ko kuskure. Sa'an nan a 1951 Cronbach ya kawo alfa, wadda take karɓar amsa mai hawa-hawa, kamar takardar jin ra'ayin iyaye, daga "na yarda ƙwarai" har "ban yarda ba sam". In kuwa kana so ka san ko makin zai tsaya, sai ka sake jarrabawar bayan mako biyu, ka gwada.

Amma a yi hankali. Yawan tambayoyi kaɗai yana ɗaga alfa. Tambaya 10 masu dacewar 0.2 tsakaninsu suna ba da 0.71, tambaya 30 irinsu kuwa 0.88.

Ga kuma babban tarko. Yaron Zango yana jin Hausa a gida, Yarbanci a titi, Turanci a aji. In ka shirya jarrabawar lissafi da dogon Turanci, alfa tana iya yin kyau, alhali Turancinsa ka auna. Saboda haka kafin ka ka da yaro, karanta masa tambayar da Hausa tukuna, ka ga ko zai ci.