Gadon Uwa Da Gadon Uba: Ashe Jiki Yana Bambancewa



Duk wanda ya zauna a ajin bayoloji ya san lissafin sikila. Uba AS, uwa AS, a zana gida huɗu a allo, a fitar da AA, AS, AS, SS. A wannan lissafi babu ruwanmu da wanda ya ba yaro S ɗin. Ko daga uwa ta zo ko daga uba, aikinta ɗaya ne. Haka akasarin ƙwayoyin gado suke, kuma a kan haka ake yi mana jarrabawa. To amma akwai 'yan kaɗan da ba sa bin wannan ƙa'ida, su muka ɗauko yau.

Kusan kowane tantanin jikinmu yana ɗauke da kuromosom 46, wato 23 daga uwa, 23 daga uba. Mu dubi mai lamba 15. Akwai wani ɗan yanki a jikinsa da yakan gutsure ya ɓace, wani lokaci tun a maniyyi, wani lokaci a ƙwan mace. Idan na wajen uba ne ya ɓace, jariri yakan zo jikinsa a sake, ko nono ba ya iya kamawa da kyau. Bayan 'yan shekaru sai abin ya juye, ya zama yunwa marar ƙarewa. Ko ya cinye tukunya ba ya jin ya ƙoshi, har wasu iyaye kan sa kwaɗo a ɗakin girki don kada ƙiba ta hallaka shi. Wannan shi ne ciwon Prader-Willi, wanda likitoci a birnin Zurich na Suwizalan suka bayyana a 1956.

Idan kuwa wannan yanki dai na wajen uwa ne ya ɓace, sai a sami wani ciwo dabam. Yaro ba ya magana, ko kalmominsa kaɗan ne ƙwarai, yana tafiya da tangaɗi, farfaɗiya takan kama shi, ga yawan murmushi da dariya. Wani likitan yara a Ingila, Harry Angelman, ya rubuta bayanin yara uku masu irin wannan hali a 1965, shi ya sa ciwon ke ɗauke da sunansa.

Yanki ɗaya, ciwo biyu. Me ya kawo haka?

Amsar ita ce tambari. Lokacin da ake samar da maniyyi da ƙwai, jiki yakan manna wasu ƙananan sinadarai da ake kira metil a kan wasu ƙwayoyin gado, su kulle su. A ce ajinmu yana da kwafi biyu na littafi guda, amma an kulle ɗaya a kabad ɗin shugaban makaranta an jefar da mabuɗin. Ranar da na hannunmu ya ɓata, mun rasa littafi ke nan, ko da yake ga ɗaya can a ajiye. A wannan yanki na kuromosom 15 akwai ƙwayoyin da na uba kaɗai ke aiki, na uwa a kulle suke. Akwai kuma wata mai suna UBE3A, wadda a cikin ƙwaƙwalwa ta uwa kaɗai ke aiki. Rashinta ne ke kawo ciwon Angelman.

A kan ɓeraye aka fara tabbatar da batun tambari, a 1984. Azim Surani, haifaffen Kenya, da abokan aikinsa a Kambirij, da kuma Davor Solter da James McGrath a Amurka, sun haɗa 'yan tayi da gadon uwa zalla ko na uba zalla. Babu wanda ya rayu. A 1989 kuma aka gano yara masu Prader-Willi waɗanda kuromosom ɗinsu 46 ne cif, babu abin da ya gutsure, sai dai mai lamba 15 ɗin duka biyun daga uwa suka zo.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne batun lokaci. Kafin tantani ya rabu biyu, dole ya kwafe DNA ɗinsa gaba ɗaya, aikin da kan ci wajen awa takwas. Ba a lokaci guda ake kwafe komai ba: wuraren da ke yawan aiki su ne a gaba, kullallun wurare a baya. Bisa al'ada, kwafin uwa da na uba tare ake yin su. Amma a 1993 masu bincike a birnin Ƙudus suka sa wa yankunan masu tambari fenti mai ƙyalli, suka duba a madubin ƙara girma. Yankin da ba a kwafe ba yakan fito ɗigo ɗaya, wanda aka kwafe ɗigo biyu. Sai suka riƙa ganin ɗigo ɗaya a gefe, ɗigo biyu a ɗaya gefen, cikin tantani guda. Wato an riga an kwafe na mahaifi ɗaya, na ɗayan yana jiran layi, kuma sau da yawa na uba ne ke riga.

Tambarin ba na har abada ba ne. Kuromosom ɗin da namiji ya gada daga mahaifiyarsa, idan zai ba ɗansa, sai an goge tambarin uwa an buga na uba.

Mun san yadda ake yi a wasu gidaje idan aka haifi yaro mai lalura, a ce ai daga dangin uwarsa ya ɗebo. A waɗannan cututtuka biyu, mafi yawan lokuta iyayen lafiyarsu lau, babu mai ciwon a dangi ko kaɗan. Gutsurewar takan faru ne a maniyyi ɗaya ko ƙwai ɗaya, babu hannun kowa. A yau da gwajin jini mai duba tambarin metil ake gane su, sannan a taimaka wa mai Prader-Willi da allurar sinadarin girma da tsarin abinci, mai Angelman kuma da maganin farfaɗiya da koyon sadarwa ta hotuna da alamun hannu.