Lambobin Bindigogin Farauta da Kaurin Harsasansu

A jikin ƙarfen kowace bindigar farauta a kan buga wata lamba, kamar .22 ko .375. Wannan lamba awon faɗin ramin bindigar ce, da inci ko da milimita. Ya kamata hakimai da malamansu su san ma'anarta, don kuwa kuskuren lamba ɗaya ya kan jawo shari'a, ko asarar rai.

A cikin ramin raifal akwai tsaga-tsaga masu murɗa harsashi. Waɗansu maƙera su kan auna daga tudu zuwa tudu, waɗansu daga ƙasan tsaga. Saboda haka suna ba kullum ya ke daidai da kaurin harsashi ba. Misali, .303 ta Ingila harsashinta ya kai wajen inci .312.

Lamba .22, watau wajen milimita 5.6, ta zomo ce da zabo. Lamba .375, wadda kamfanin Holland & Holland ya fito da ita a 1912, kaurinta milimita 9.5 ne, don manyan namun daji aka yi ta. Wanda ya harbi ɓauna da ƙaramin harsashi rauni kaɗai zai yi mata, ɓauna mai rauni kuwa ta kan kashe mutum.

Kazalika kauri ɗaya ba ya nufin harsashi ɗaya. Da .30-06 ta 1906 da .308 ta 1952 kaurinsu ɗaya ne, amma tsawon kwanson ta farko milimita 63, na ta biyu 51.

Bindigar harbin tsuntsaye kuwa lissafinta dabam ne. Lamba 12 nufinta ƙwallon darma 12 masu cika bakinta su ne laba ɗaya, don haka lamba 20 ta fi ta ƙanƙanta. In harsashin 20 ya shiga bindigar 12 sai ya zurma ya toshe ramin, in an ɗora na 12 aka harba, bindigar ta fashe.

Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa raifal mai lamba .300, da .303, da milimita 7.62, da milimita 9 cikin bindigogin soja waɗanda aka hana. Saboda haka in bindiga ta zo gaban hakimi, sai malami ya kwafi lambar daga jikin ƙarfen da idonsa, kada ya dogara da faɗar mai ita, sa'an nan a sanar da 'yan sanda.