Ina ruwan kwatar Likoro yake zuwa?

Duk gidan da ke Likoro yana da 'yar kafar da ruwan wanka da na wanke-wanke ke fita ta ƙarƙashin katanga. Daga nan sai lungu, sai kududdufin da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini tun zamanin kakanni. Haka abin yake a Hunkuyi da Maƙarfi da Ikara. Da rani ruwan yana kwanciya ya yi baƙi, yana tsatsafowa a hankali cikin rijiyoyin da ke kusa. Da damina kududdufi ya cika ya tumbatsa, ya kwashi abin da ya tarar, har da na masai, ya gangara fadama inda ake rake da tumatir da albasa.

Tafiyar ba ta tsaya nan ba. Rafukan wannan yanki Galma suke nufa, kogin da Zariya ke sha. Galma ya shiga kogin Kaduna, Kaduna ya faɗa Kwara, Kwara ya kai teku. Amma kafin masuncin bakin teku ya ji a jikinsa, yaron gidan maƙwabci ne ke fara kwanciya. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Arewa ce ta fi ɗanɗana kuɗarta.

Abin da ke damuna shi ne, da an ce tace ruwan kwata sai hankali ya tafi kan injuna da wutar lantarki da kwangilar miliyoyi. Ƙaramin gari ba ya bukatar wannan. Rana da fili sun isa, kuma Allah ya hore mana su.

Tafki uku ake haƙawa a jere, a bayan gari, ƙasa da rijiyoyi. Na farko mai zurfi ne, kamar mita 3, inda dauɗa mai nauyi da ƙwayayen tsutsar ciki ke nutsewa su ruɓe. Ruwan saman ya malala zuwa na biyu, mai faɗi marar zurfi. A nan gansakuka ke tsiro, hasken rana ya sa ta fitar da iskar da ƙananan halittu ke bukata don su cinye sauran ƙazantar. Na uku bai wuce mita 1 ba, don rana ta ratsa har ƙasa ta kashe ƙwayoyin cuta. Bayan 'yan makonni ruwan ya isa ban ruwan rake, ko da yake ba na sha ba ne. Sharaɗin shi ne a daɓe gindin tafkin da yumɓu, a katange shi saboda yara, a riƙa nome ciyawar baki don kada sauro ya samu gida.

Masai kuwa a nisanta shi da rijiya kamar mita 30. Jigawa ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka tabbatar ta daina bahaya a fili a 2022, da ƙauyuka irin namu. A Likoro aikin zai fara ne ranar da dagaci da masu unguwanni da ƙaramar hukumar Kudan suka zauna suka ware fili, kafin gine-gine su cinye bayan garin.